Gajera a Rabah, Doguwa a Goronyo

Talata: daga Wurno zuwa Rabah

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, dawowata daga masallaci ke nan, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gida da sanda. Ban tambayi ko wane ne ba. A duk Wurno mutum ɗaya ne ke sallama da sanda kafin ya yi da baki, wato Kawu Sahabi, ƙanen mahaifiyata, dillalin albasa da tafarnuwa, wanda ya shekara talatin a kasuwa bai taɓa yarda wani ya fi shi saninta ba.

"Haliru! Mi kaka jira? Mota ba ta jiran tela!"

Bari in gaya muku abin da ya tashe mu da wannan asuba. Ni tela ne, shagona yana kusa da kasuwa, kuma yana da ɗaki na biyu wanda ba komai a cikinsa sai ƙyallaye da wani mataccen keken ɗinki. Matata Luba, 'yar Magarya, ita ta fara lura cewa samarin unguwarmu na hawa babur su bar gari don kawai su buga ƙwallo a na'urar gem, akwatin nan da ake jonawa da talabijin, mutum biyu kowa ya riƙe abin dannawa da muke kira hannu, su yi ta fafatawa. Ta ce me zai hana mu buɗe gidan gem a wannan ɗaki? Ta sayar da ragunanta uku da ta yi wata takwas tana kiwo, ni kuma na haɗa da abin da ɗinkin salla ya bar mini.

Sai aka zo wurin da gizo ke saƙa. Na'urorin da ake yayi iri biyu ne, na kamfanoni biyu masu gasa da juna. A wajenmu ba mai wahalar da harshensa da sunayensu na Turanci, ɗaya muna ce mata Doguwa, ɗaya Gajera. Doguwa tsada gare ta, abin da ke hannunmu guda ɗaya tak zai saya. Gajera kuwa masu ita sun karya farashi, za mu iya samun biyu. Kawu ya ce ba wani abin tunani a nan, arha ita ke cin kasuwa tun da aka kafa duniya. Ni kuma na ce arha ba ta ado. Mako guda muna wannan gardama, har Luba ta gaji ta leƙo daga madafi ta ce, "Malam, ragunan nan dusa sunka ci, ba gardama ba. Ku tahi inda aka gem ɗin ku gani da idonku." An ce mana akwai wani gidan gem da ya yi suna a Rabah. Shirinmu mu je mu dawo a yini ɗaya.

Ƙarfe shida saura kwata muna tasha. Muka samu wata tsohuwar ƙaramar mota mai kujerar mutum biyar, wadda direbanta ya cusa mu mu takwas, ban da kaji biyu. Kawu ya karɓi gaba saboda girma, ya raba kujerar da wani mai sayar da igiya. Kafin a tashi ya yi wa direba tambayar da kowa ke yi a yankinmu yanzu.

"Direba, hanya lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Amma ni la'asar ba ta ishe ni bisa hanya."

Muka tashi shida da minti goma. Ƙarfe bakwai saura muka tsaya a shingen jami'an tsaro, suka leƙa, suka gaida Kawu, suka ɗaga mana hannu. A mararraba muka sauka don canjin mota. Nan muka karya da shayi da burodi, Kawu ya ƙara da ƙosai na ɗari biyu wanda ya taya ɗari da hamsin, mai ƙosai ta ce ba ta sallama ba, ya ce to ta yi gyara. Ta jefa masa ɗaya. Ya dube ni kamar wanda ya ci yaƙi.

Motar Rabah ta fi ta farko tsufa, ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta. Dab da Maikujera ta fara tari, ta mutu. Muka fito muka tsaya gindin wata bishiyar bedi muna kallon rumbunan gero da karan dawa da aka jingine a bakin gonaki. Direban bai ko damu ba. Ya taka zuwa cikin gari, bai yi minti ashirin ba ya dawo da wani ɗan ƙarfe a hannu, ya ɗaura, mota ta tashi. Na tambaye shi me ya sa bai sayi irin ƙananan motocin nan na yayi ba, tunda an ce sun fi arha kuma ba su shan mai.

"Malam, motag ga ko cikin ƙauye tam mutu ina samun kayanta. Waccan in tal lalace, sai in bar ta nan in tahi birni neman ƙarhe. Wace ta hi arha ke nan?"

Na zunguri Kawu daga baya. Ya ce shi bai ji komai ba, iska ta yi yawa.

Rabah

Mun shiga Rabah ƙarfe tara da rabi. Gidan gem ɗin bai yi wuyar samu ba, ihun samari muka bi. Mai shi sunansa Mu'azu, tsohon ɗan kabu-kabu ne da ya sayar da babur ɗinsa ya kama wannan sana'a. Mutum ne mai fara'a, dariyarsa ta fi maganarsa yawa. Ya shigar da mu, ya kori mutum biyu daga benci ya ba mu wuri. Talabijin uku jere a bango, ƙarƙashin kowace akwai Gajera ɗaya, sola a saman kwano, fanka na juyawa. Ko'ina cike, da sanyin safiyar Talata.

Na gaya masa abin da ya kawo mu. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ja mu bakin ƙofa ya nuna wani shago a tsallaken titi, a rufe da kwaɗo, an zana ƙwallo a jikin ƙyauren.

"Kun ga wancan? Na Marwana na. Shi yar riga ni hwarawa, da Doguwa guda. Shina amsar ɗari biyu kowane wasa. Ni da niz zaka da Gajera ukku sai nis sa ɗari. Wata huɗu yar ruhe."

Kawu ya buga sandarsa a ƙasa har wani mai wasa ya firgita aka ci shi ƙwallo.

"Haliru, nemo muna mota mu koma gida! Magana ta ƙare. Mi nic ce maka?"

Gaskiya na ga kamar Kawu ya ci gardama. Amma na ce tunda mun biya kuɗin mota, bari mu zauna mu ci ribar kallo. Muka zauna har azahar. A zaman nan na lura Mu'azu ba ya minti goma bai je ya duba wata waya da ya rataye a ƙusa jikin taga ba. Na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce wannan wayar ita ce numfashin shagon. Ashe irin Gajerar da aka karya wa farashi ba ta da bakin sa faifai. Duk wasan da kake so sai ka janyo shi ta intanet, ka biya, ga kuɗin data, ga wani kuɗi na wata-wata. Ya fito da ni bayan shago ya nuna mini dogon ƙarfen sabis, bai fi taku talatin daga bangonsa ba.

"Wanga shi na ubangidana. Watan jiya yay yi kwana ukku ba ya aiki, na'ura guda tac ce sai an sabunta ta kahin ta buɗe. Kwana ukku tana kallona ina kallonta."

"To me ya sa ba ka sayi Doguwa ba?" in ji ni.

"Wuta. Gajera ba ta cin wuta, sola ta ishe ni. Kuma ka sani, ba ɗarin kaɗai tak kawo mutane ba. Wurin Marwana sai ka yi awa guda kana jiran layi. Nan mutum shida ka wasa lokaci guda."

Kawu ya ce, "To mi yab ba ka ukku in ba arha ba?" Wannan kam gaskiya ya faɗa.

Mu'azu ya aika aka kawo mana fura da nono mai sanyi daga wajen wata Bafillatana da ke zama bakin kasuwa. Muna cikin sha na ce Allah sarki Marwana, ko wace sana'a ya koma yanzu?

"Wace sana'a? Gem mana. Ya koma Goronyo wurin yayatai. An ce mani yanzu Doguwa ukku gare shi, kuma bai rage ko sisi ba."

Ludayi ya tsaya a hannun Kawu. Ya ce ƙarya ake yi masa. Mu'azu ya rantse cewa wanda ya gani da idonsa ne ya gaya masa. Na dubi Kawu, Kawu ya dubi fura. Na kira Luba na ce mata tafiyar yini ta zama ta kwana, gobe sai Goronyo. Ta ce, "Allah shi kiyaye. Ka ce ma Kawu kar shi sayo albasa da kuɗɗin raguna."

Da yake la'asar ta kawo jiki, ba mu nemi mota ba. Muka sauka gidan wani abokin cinikin Kawu, aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar zaure saboda zafin bazara. Bayan magariba aka kawo tuwon dawa da miyar busasshiyar kuɓewa, man shanu na yawo a kai. Kawu ya ci ya yi hamdala, ya ce har yanzu shi ke da gaskiya, gobe ma zan gani.

Laraba: daga Rabah zuwa Goronyo

Ƙarfe shida da rabi muka bar Rabah. Sai da muka koma babban titi sannan muka samu motar Goronyo, wata bas mai ɗauke da buhunan taki a sama da mata 'yan biki a ciki. Da muka zo daidai inda hanyar Wurno ta rabu, Kawu ya miƙa hannu ta taga ya ce a gaida mutan gida, matan nan suka yi ta dariya. Shinge biyu muka wuce, a na biyu aka sauke mu aka duba kaya, ba a ɗauki minti goma ba. Daga nan sai gonakin rani suka fara bayyana, kore shar a tsakiyar zafin nan, injinan ban ruwa na ta ƙugi. Warin albasa ya cika motar. Kawu ya shaƙa ya ce shi yanzu ya iso gida.

Mun sauka tashar Goronyo ƙarfe goma da minti arba'in. Da muka ambaci Marwana mai gem, 'yan kabu-kabu uku suka amsa a tare: "Wurin Hajiya Ige mai kihi!" Babur biyu muka hau, tafiyar kwata guda zuwa wajen dam. Wanda bai taɓa ganin ruwan nan ba zai ɗauka ƙarshen ƙasa ya zo. Jiragen masunta na ta fitowa, ana juye tarwaɗa da karfasa cikin manyan robobi.

Hajiya Ige mace ce mai jiki, mai murya, shekarunta za su kai hamsin. Rumfarta ta banda da suyar kifi ce ta fi kowace girma a wurin, mata huɗu na yi mata aiki. Jikin rumfar aka gina ɗakin gem. Ƙanenta Marwana dogo ne siriri, ba ya son magana, in ka tambaye shi abu sai ya dubi yayarsa. Ya buɗe mana labule muka leƙa. Doguwa uku kamar yadda aka faɗa, biyu sababbin yayi, ɗaya tsohuwar ƙira. Masunta da suka fito daga ruwa, wandunansu ba su gama bushewa ba, sun cika benci, wasu na tsaye a waje suna jiran layi suna cin kifi. A bango an rubuta da alli: wasa ɗari biyu.

Kawu ya karanta, ya sake karantawa. Ya zaro wayarsa zai kira wani, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Babu sabis.

Hajiya ta ce, "Alhaji, aje ta ka huta. Sai ka hau bisa tudun can kana samu. Ku zamna ku ci kihi."

Aka kawo mana soyayyar karfasa da yaji da yankakkiyar albasa. Na zayyana mata gardamarmu tun daga ragunan Luba har zuwa shagon da muka gani a rufe a Rabah. Ta saurara tana juya kifi a kan wayar gashi.

Ta ce, "Ƙanena ya yi wauta can. Da na'ura guda yat tsaya gasa da mai ukku, ga sabis bayan ɗakin mutum. Nic ce mai ya kwaso kayanai ya taho. Nan wani ya kawo Gajera biyu bara, ya sa wasa ɗari. Sati na hwarko an cika wurinai, har da mutanenmu. Amma wasa guda ad da shi, ba ya iya janyo wani. Mu kau faifai muka sawa, in an gaji da wanga mu yi musanya da masu gem na cikin gari. Hannu in ya lalace, ga mai gyara cikin kasuwa, kayan Doguwa dut yana da su, don ita mutane ka riƙe. Wata biyu mutumin yat tattara."

Kawu ya ce, "Hajiya, ni dai shekarata talatin ina saida albasa. Wanda yar rage kuɗɗin buhu shi ka riga tashi kasuwa."

"Gaskiya ta, Alhaji. Amma albasa in ka saye ka gama da mai ita, ka kai gida a yanka. Abin ga kau in ka saye, yanzu kunka hwara. Gobe faifai, jibi hannu, gata mai gyara. Kuɗɗin da ka biya ranar hwarko shi na ƙarami."

Ta ce ita ba ta bari Marwana ya rage ko kwabo ba. Abin da ta sa shi ya yi, ya kafa fanka biyu, ya aje randar ruwan sanyi, kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci a yi gasa, wanda ya zo na ɗaya ta ba shi babbar tarwaɗa banda. Saboda tarwaɗar nan, in ji ta, akwai masu tasowa daga ƙauyuka uku.

Muna cikin haka sai wani dattijo ya fito daga ɗakin yana share gumi da hularsa, farin gemu har ƙirji. Aka ce mana Baba Attahiru ne, tsohon masunci da ya bar wa 'ya'yansa jirgi. Ya ji ƙarshen maganar Kawu, ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ba ka taɓa riƙa hannun ba, mi kas sani? Taho in gwada maka."

Kawu ya ce shi ba yaro ba ne. Baba Attahiru ya ce ai tsoro ma ba laifi ba ne. Wanda ya san Kawu ya san an gama. Ya miƙa mini sandarsa, ya naɗe hannun babbar riga, ya shiga. Samari suka ba su wuri suna murmushi. Marwana ya nuna masa inda ake dannawa. Minti biyu da farawa Kawu ya ɗirka ƙwallo a raga, ya miƙe tsaye ya yi kabbara. Ɗakin ya kece da dariya. Ragarsa ya ci. Da aka fahimtar da shi sai ya ce talabijin ɗin ce a karkace. Aka tashi an ci Kawu shida da nema. Ya ce a sake. Sai da aka kira azahar aka raba su, bayan salla kuma suka koma.

Ni ina waje ina ta saƙe-saƙe. Gajera ta ci Rabah, Doguwa ta ci Goronyo, to Wurno fa? A shagona in waya ta shigo sai na fita gindin bedi nake jin mai magana, ke nan Gajera za ta wahalar da ni. Doguwa ɗaya kuma ita ce ta kada Marwana a Rabah. Ina cikin wannan sai na ji an ce, "A'a, Malam Haliru! Mi yak kawo ka nan?" Na waiwaya, sai ga Lawali mai faci na unguwarmu, wanda ni na ɗinka kaftanin da ke jikinsa, tare da abokansa biyu, duk 'yan Wurno.

Na ce, "Ashe nan kuke kawo kuɗin garinmu!"

Ya sosa ƙeya. Na tambaye shi, in na buɗe gidan gem a gida, wace na'ura suke so? Bai yi jinkiri ba. Ya ce su hannun Doguwa yatsunsu suka saba da shi, ko ido rufe suna dannawa. Sun taɓa gwada Gajera, duk wanda ya iya wasa ya koma ɗan koyo. Na ce to sabuwa ko tsohuwa? Ya ce, "Malam, ƙwallo dai ƙwallo ta. Ni tsohuwar nan ma nika zaɓa, layinta ya hi gajarta."

Hajiya Ige na jin mu. Ta goge hannunta a zane ta ce, ai kuwa Marwana na son ya rabu da tsohuwar ya ƙara sabuwa, kuma ta san mai gyara na da wata irinta da ya karɓa a musanya. In na haɗa biyun, da hannuwansu, ba za su kai kuɗin sabuwar Doguwa ɗaya ba. Saura kaɗan in ce na saya. Amma na tuna wata takwas ɗin Luba, na ce sai na gwada. Marwana ya hau babur ya ɗauko mai gyaran da na'urarsa. Aka buɗe duka biyun a gabana, aka share fankokin cikinsu, aka kunna su a tsakiyar zafin rana, Lawali da abokansa suka yi ta dukan su har la'asar. Ko tari ba su yi ba.

Da aka zo ciniki na je na janyo Kawu daga benci da ƙyar. Nan fa na ga abin da ya sa ake jin tsoronsa a kasuwar albasa. Ya kushe launin na'urar, ya kushe shekarunta, ya ce ya ji tana nishi. Ya tashi zai tafi sau biyu, Hajiya ta dawo da shi sau biyu. Mai gyara ya rantse, Kawu ya ce rantsuwa ba ta cikin ciniki. Dab da magariba aka tafa: na'ura biyu, hannu biyar, faifai shida, mai gyara kuma ya yi alkawarin duk abin da ya taso cikin wata uku in kawo masa. Abin da ya rage mana zai isa fanka da benci. Hajiya ta ƙulla mana bandar tarwaɗa a takarda ta ce a kai wa mai raguna.

Muka hau tudun da ake samun sabis na kira Luba. Kawu ya fizge wayar. "Luba, ki shaida! Wadda tah hi kowace arha ita munka saye. Ni na da gaskiya!" Na karɓe na ce, "Doguwa dai muka saya, ba Gajera ba." Ta ce ita ba alƙaliya ba ce, mu dai kawo kaya lafiya.

Gidan Baba Attahiru muka kwana, shi ya hana mu neman wani masauki. Tuwon shinkafa aka yi mana da miyar kifi. Shi da Kawu suka zauna kamar sun shekara arba'in da sanin juna, suna musu a kan ƙwallon da alƙalin wasa ya hana.

Alhamis: komawa gida

Ƙarfe bakwai muka bar Goronyo. Na naɗe na'urorin cikin bargo, na sa a kwalin sabulu, na rungume a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai na ji shi a ƙirjina. A shinge wani jami'i ya nuna kwalin ya ce mene ne a ciki. Na buɗe. Fuskarsa ta washe, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Ya ce irin wannan ya koyi wasa da ita, da tsohuwar zuma ake magani. Ya tambayi inda shagon yake, na kwatanta masa, ya ce in ajiye masa benci ranar hutunsa.

Kawu yana da manomin da zai gani a Kwargaba, don haka muka sauka muka ratsa ta can a kan babura. Ya shiga rumfar ajiyar albasa ya yi ta matsa su yana ƙorafi, ni ina zaune a inuwa da kwalina ina kallon shanu na wucewa zuwa mashaya. Matar manomin ta aiko mana da kunun tsamiya. Ƙarfe sha biyu saura muka kama hanya, sha biyu da rabi muna ƙofar shagona.

Luba ta riga ta sa an fitar da ƙyallaye da mataccen keken, an share ɗakin an yayyafa ruwa. Muka ɗauko talabijin ɗin gida, maƙwabcina mai shayi ya ara mini tasa. Kafin in gama jona wayoyi labari ya zaga unguwa, don Lawali ya riga mu isowa. Bayan la'asar ɗakin ya cika har waje.

In wani ya tambaye ni yau ko arha ce ke sa na'ura ta ci kasuwa, sai in ce masa ya fara gaya mini garin da yake nufi. Arha na kawo mutum bakin ƙofa, wannan na gani da idona a Rabah. Amma abin da ke zaunar da shi, ko akwai sabis, ko akwai wuta, ko akwai mai gyara, da kuma abin da yatsunsa suka riga suka saba da shi.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Mu'azu da bai ɓoye mana sirrin sana'arsa ba, da Hajiya Ige da ƙanenta, da Baba Attahiru da iyalinsa, da direbobin da suka ɗauke mu. Luba kuwa, Allah Ya mayar mata da garke.

Kawu Sahabi ma na gode masa, ko da yake har yanzu bai sauka daga maganarsa ba. Jiya da safe ya biyo ta shago ya ce mini Juma'a zai tafi Goronyo, wai yana da cinikin albasa. Na tambaye shi da wa, ya ce ba ruwana. Da ya juya zai fita, sai na hango hannun gem ɗina na biyar yana leƙowa daga aljihun babbar rigarsa.